A Bar Musabaha Inda Take, Matsalar Tana Minti Na Ƙarshe

Ranar 20 ga Fabrairun 2022, a birnin Madison da ke jihar Wisconsin ta Amurka, saura daƙiƙa 15 a tashi daga wasan ƙwallon kwando, jami'ar Wisconsin tana gaban jami'ar Michigan da maki 15. Wasa ya ƙare, busa kawai ake jira. Kocin Wisconsin, Greg Gard, ya riga ya zaunar da zaratansa ya zuba 'yan benci, yaran da sai an ci wasa ake bari su ɗan taɓa ƙwallo. Michigan kuwa ba ta sassauta ba, ta bi yaran nan ta matse su tun daga ƙarƙashin kwandonsu. A dokar ƙwallon kwando ta jami'o'i, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da daƙiƙa 10 ta ƙetare layin tsakiya, in ta kasa a karɓe. Huɗu suka rage wa yaran Gard. Sai ya nemi a tsayar da wasa, domin tsayarwar tana maido da lissafin daƙiƙa 10 ɗin sabo fil.

Kocin Michigan, Juwan Howard, ya ɗauki abin cin fuska: ka ci wasa, me kuma za ka tsayar ka tsara? Da aka jeru domin musabahar ƙarshen wasa, ya so ya wuce, Gard ya riƙo hannunsa zai yi masa bayani. Nan aka fara nuna yatsa, aka cakumi riga, mutane suka taru. Howard ya miƙa hannu ta saman mutane ya kai wa mataimakin kocin Wisconsin, Joe Krabbenhoft, mari a ka. Da yara suka ga babba ya ɗaga hannu, su ma suka ɗaga nasu. Gamayyar jami'o'i ta Big Ten ta dakatar da Howard wasa biyar da tarar dala 40,000, ta ci Gard tarar dala 10,000, aka kuma dakatar da 'yan wasa uku wasa ɗaya kowannensu: Moussa Diabate da Terrance Williams na Michigan, da Jahcobi Neath na Wisconsin.

Tun daga ranar ake ta kiran a soke layin musabaha gaba ɗaya. Patrick Ewing, wanda yake kocin Georgetown a lokacin, yana cikin masu ganin a daina. Tom Izzo na Michigan State ya yi fatali da shawarar. Masu son a soke suna da hujjar da ba a rainawa. A Maris 2023, a gasar mata ta WNIT, wata 'yar wasan Memphis ta naushi 'yar wasan Bowling Green a cikin layin, har magana ta kai ga 'yan sanda. A Fabrairun 2024, Texas A&M-Commerce da Incarnate Word sun ba hamata iska a wurin musabahar, aka dakatar da mutum takwas. Sun kuma ce ai a lokacin annobar korona an daina musabahar, ana ɗaga wa juna hannu daga nesa, kuma ba abin da ya ragu.

Duk da haka ina ganin soke musabaha barin jaki ne a daki taiki. Layin ba ya haifar da faɗa, wurin da faɗan ke fitowa fili ne kawai. Wutar ana hura ta ne kafin busa, galibi a minti ɗaya ko biyu na ƙarshen wasan da kowa ya riga ya san wanda ya ci, kuma manya ne, kociyoyi da alƙalai da shugabannin gamayya, suke barin ta tana ci.

A duba manyan rigingimun shekarun nan. Ranar 10 ga Disamba 2011, Xavier da Cincinnati, jami'o'i biyu a gari ɗaya da tazarar da ba ta wuce kilomita biyar ba. Xavier tana gaba 76 da 53, saura daƙiƙa 9.4, amma har lokacin manyan 'yan wasanta suna cikin fili, Tu Holloway yana ta yi wa bencin Cincinnati magana. Aka yi ture, benci biyu suka zubo, Yancy Gates na Cincinnati ya naushi Kenny Frease na Xavier a fuska har jini ya wanke shi. Alƙalai suka tashi wasan ba tare da an ƙarasa daƙiƙun ba. Tazarar maki 23 ce.

Ranar 21 ga Janairu 2020, Kansas da Kansas State a birnin Lawrence. Kansas tana gaba da maki fiye da 20. Silvio De Sousa na Kansas yana tsaye kusa da tsakiyar fili yana buga ƙwallo a ƙasa, yana jiran agogo ya ƙare. DaJuan Gordon na Kansas State ya lallaɓo ya fizge ƙwallon ya ruga zai jefa. De Sousa ya bi shi ya doke ƙwallon, Gordon ya faɗi, shi kuma ya tsaya a kansa yana kallonsa. Faɗan da ya ɓarke ya gangara har cikin wurin zaman masu buƙata ta musamman da ke bayan kwando, kuma hoton da duniya ta gani shi ne De Sousa ɗauke da ƙaramar kujera a saman kansa. Bai sauke ta a kan kowa ba, Allah ya kiyaye. Abin da ya fi damuna a wannan labarin shi ne an riga an ga alama. Wata biyu kafin nan, a wannan ɗakin wasan, wani ɗan wasan Monmouth, George Papas, ya fizge ƙwallo haka nan a daƙiƙun ƙarshe ya je ya cusa ta a kwando, a wasan da aka tashi 112 da 57. Wato abin ya taɓa faruwa a gaban idon yaran Kansas, suna kuma ɗauke da haushinsa.

Wasanni uku ke nan, tazarar maki 15, 23 da sama da 20. Babu ko ɗaya da ake jayayyar wanda zai ci. Abin da ake jayayya a kai wata doka ce da ba a rubuce take ba. Al'adar ita ce: idan agogon jifa, mai ba ƙungiya daƙiƙa 30 ta jefa ƙwallo, ya mutu, wato lokacin da ya rage bai kai 30 ba, mai rinjaye ya riƙe ƙwallo kada ya jefa, wanda aka rinjaya kuma ya ja baya kada ya taɓa shi. Amma daga tazarar maki nawa al'adar take farawa? Goma? Ashirin? Wa zai fara sassautawa? Idan wanda aka rinjaya ya ci gaba da matsi, mai rinjaye yana da damar ya kare kansa ko kuwa? Babu inda aka faɗa. Kowane koci da nasa fahimtar, kuma kowa yana ganin ɗayan ne ya karya ta. Howard yana ganin tsayar da wasa raini ne, Gard yana ganin matse 'yan benci ne rainin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sannan ga wani abin da ba kasafai ake haɗa shi da zancen ɗa'a ba, alhali yana tsakiyarsa. Gasar ƙasa ta watan Maris, a tsarin da aka fara a 2011, ƙungiyoyi 68 take ɗauka, kuma fiye da rabinsu kwamiti ne ke zaɓa. Daga kakar 2018-19 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta kawo wani ma'auni mai suna NET domin taimaka wa kwamitin. Da farko an sa iyaka a kan tazarar maki, ba a lissafa abin da ya wuce 10, amma akwai wani sashe na ma'aunin da yake auna makin da ka ci da wanda aka ci ka a kowane zuwa 100 da ƙwallo, shi kuma ba shi da iyaka. Da aka yi wa ma'aunin gyara a 2020, wannan sashen ne ya zama ɗaya daga ginshiƙai biyu da suka rage. A wasa ɗaya ƙungiya takan je da ƙwallo sau 65 zuwa 70. Idan 'yan bencinka suka bari aka ci su maki shida a minti biyun ƙarshe, a lissafin zuwa 100 kusan maki tara ka zubar a wannan wasan. Kocin da aikinsa ya rataya a kan shiga gasar Maris ya san wannan sarai. Shi ya sa mai rinjaye yake jinkirin fitar da zaratansa, wanda aka rinjaya kuma yake matsi har busa don ya rage tazara. Hukuma tana ba da lada a kan abin da al'ada take kira rashin kunya, sannan ta juya ta hukunta yaro ɗan shekara 19 don ya kasa gane wanne zai bi.

Gyaran wannan ba shi da wuya. A cire abin da ya faru bayan wasa ya mutu daga lissafin NET, misali duk zuwan da aka yi a minti uku na ƙarshe idan tazara ta haura 15. Adadin ana iya muhawara a kansa, amma a tsayar da ɗaya. Sannan kowace gamayya ta rubuta al'adar a takarda ta raba wa kociyoyi kafin kaka ta fara, da ƙa'ida guda: wanda aka rinjaya shi ne zai fara saukar da hannu. Idan ya janye matsi, mai rinjaye ba zai jefa ba. Idan bai janye ba, wasa yana nan da ransa, kuma ba shi da bakin ƙorafi in an tsayar da wasa ko an jefa masa ƙwallo mai maki uku. Wurin yin wannan shawara ma a shirye yake. A wasannin da ake nunawa a talabijin ana tsayawa talla a karon farko da ƙwallo ta mutu bayan lokaci ya sauka ƙasa da minti 16, 12, 8 da 4 a kowane rabi. Tsayawar ƙasa da minti huɗu ita ce lokacin da koci mai hankali yake duba allo, ya duba fuskokin yaransa, ya zare duk wanda ya ga idonsa ya yi ja. Da Xavier ta zaunar da Holloway da Mark Lyons a wannan lokacin, da wuya labarin ya zama yadda ya zama.

Sai alƙalai. Littafin doka bai bar su hannu rabbana ba. Laifin rashin ɗa'a, wanda 'yan wasa ke kira teknikal, a babban ajinsa yana jawo jifan kyauta biyu, yana shiga cikin laifuka biyar da ke fitar da ɗan wasa, kuma wanda ya yi shi sau biyu an kore shi. Zagi, tsokana, tsayawa a kan wanda ya faɗi, duk suna ƙarƙashinsa. Keta mai muni tana da mataki biyu: na farko jifa biyu kuma ƙwallo ta zauna a hannun waɗanda aka yi wa, na biyu a ƙara da kora nan take. Wanda ya yi faɗa an kore shi kuma ba zai buga wasa na gaba ba, in ya sake a wannan kakar ya gama buga wasa sai baɗi. Duk wanda ya taso daga benci lokacin hatsaniya an kore shi ko bai taɓa kowa ba, sai babban koci kaɗai da aka yarje wa ya shiga raba faɗa.

Kayan aiki dai ga su. Matsalar lokacin amfani da su ce. Teknikal ɗin da aka busa a minti na takwas na rabin farko yana da araha: jifa biyu, kowa ya shiga taitayinsa, wasa ya ci gaba. Wanda aka ƙi busawa ana cewa a bar yara su yi wasa, shi ne ake biya da jini a ƙarshe. A wasan Xavier da Cincinnati an yi ta musayar baƙaƙen maganganu tun kafin hutun rabin lokaci, kuma bayan wasan kocin Cincinnati, Mick Cronin, ya yi ƙorafin cewa ba a tsawatar ba. Alƙalai uku ne a fili. Idan aka busa, ɗaya ya tafi teburin masu lissafi ya kai rahoton laifi, wajibi ne sauran biyun su bar ido a kan 'yan wasa goma, domin rabin tsokanar a wannan ɗan tsakanin ake yin ta, ana wucewa ana goga kafaɗa.

Wani giɓin kuma ya fi wannan girma, kuma shi ne amsata ga masu cewa a soke musabaha. A al'ada, da zarar an yi busar ƙarshe an tabbatar da maki, alƙalai ficewa suke da sauri, kuma ikonsu yana ƙarewa da fitarsu. Wato daidai lokacin da mutum talatin ko arba'in, rabinsu cikin ɗacin rashi, za su gifta juna kafaɗa da kafaɗa a ɗan siririn wuri gaban tebur, babu ko mutum ɗaya a wurin mai ikon hukunci. A gwada layin da kulawa tukuna, kafin a ce ya gagara. Alƙalai su tsaya minti ɗaya ko ɗaya da rabi, da masu tsaro a gefensu saboda 'yan kallo, kuma abin da suka gani ya zama yana da hukunci kamar wanda aka yi cikin wasa. Kowace ƙungiya ta ware mutum biyu, mataimakin koci ɗaya da mai horar da ƙarfin jiki, waɗanda aikinsu in an fara hayaniya su juya wa fili baya su fuskanci benci su buɗe hannu. Wannan ba a ranar ake koyon sa ba, ba a fafe gora ranar tafiya. A yi atisayensa a watan Oktoba kamar yadda ake atisayen fitar da ƙwallo daga gefe. Kociyoyi kuma su riƙe abu guda: layin musabaha ba wurin bayani ba ne. Gard yana da gaskiya a kan daƙiƙa 10, amma riƙe hannun mutumin da ransa ya ɓaci don ka fahimtar da shi kuskure ne. Waya tana nan washegari.

Haka batun 'yan kallo da ke kwararowa cikin fili idan ƙaramar ƙungiya ta kayar da babba. A Janairun 2024 wata mai kallo ta yi karo da Caitlin Clark, 'yar wasan Iowa, a Ohio State har ta faɗi, wata guda bayan haka Kyle Filipowski na Duke ya ji ciwo a gwiwa a Wake Forest. Igiya da layin masu tsaro tsakanin ɗalibai da bencin baƙi, da jinkirin daƙiƙa 30 har baƙi su shige hanyar fita, sun wadatar. Wannan aikin mai masauki ne.

Inda na fi jin zafi shi ne hukunci, domin a nan ne yara suke koyon abin da manya suke nufi da gaske. A jera su a gani. Gates, naushin da ya fasa fuska, wasa shida. De Sousa, wasa 12. Marcus Smart na Oklahoma State, da ya ture wani mai kallo a Texas Tech a Fabrairun 2014, wasa uku. Howard, mutum mai kusan shekara 50, mai albashin miliyoyin dala, wanda aka riga aka taɓa kora daga wasa a Maris 2021 saboda ya yi kan kocin Maryland, wasa biyar, kuma ya dawo daidai lokacin gasar gamayya da ta ƙasa. Wanda aka ba amanar tarbiyya ya mari mutum a gaban kyamara, ya sami ƙasa da rabin abin da ɗalibi De Sousa ya samu. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, aka kuma tashe shi a hankali.

Labarin Grayson Allen na Duke ya fi nuna inda ɓarakar take. A Fabrairun 2016 ya sa wa ɗan wasan Louisville ƙafa, bayan mako biyu da 'yan kwanaki ya sa wa na Florida State. Gamayyar ACC ta tsaya a tsawatarwa ta baki. A ranar 21 ga Disamba 2016 ya sake yi wa ɗan wasan Elon, karo na uku cikin shekara guda. Kocinsa, Mike Krzyzewski, ya sanar da dakatar da shi har sai abin da hali ya yi, ya kuma karɓe kyaftin daga hannunsa. Duke ta je Virginia Tech ba shi ta sha kashi. Wasa na gaba, 4 ga Janairu 2017, Allen yana cikin fili. Dakatarwar wasa ɗaya ce. Ba na zargin niyyar kocin, amma bai kamata a ce mutumin da zai yi asara in yaro ya zauna shi ne zai yanke tsawon zaman ba. Sa ƙafa ga mai gudu a kan katako ba ƙaramin abu ba ne, gwiwa ko wuyan hannu yake iya karyawa. Wannan sassauci ga tauraro kuma tsohon abu ne. A 1992, a wasan Duke da Kentucky da har yau ake ambato, Christian Laettner ya taka ƙirjin Aminu Timberlake yana kwance a ƙasa. Teknikal kawai aka ba shi, ya ci gaba da wasa, kuma shi ne ya jefa ƙwallon ƙarshe da ta ba Duke nasara 104 da 103.

A kwatanta da abin da ya faru ranar 10 ga Maris 2024 a wasan ƙarshe na mata na gamayyar SEC. Wannan wasan bai mutu ba, ana tsaka da fafatawa ne, don haka ba kowane rikici ne ke bin tsarin da na zayyana ba. Kamilla Cardoso ta South Carolina ta hankaɗe Flau'jae Johnson ta LSU har ƙasa. Aka kore ta saboda faɗa, aka kori wasu biyar saboda tasowa daga benci. Cardoso ita ce ginshiƙin ƙungiyar da ba a ci ko sau ɗaya ba a kakar, amma dokar ba ta tambayi kocinta ba: wasan farko na gasar ƙasa a zaune ta kalle shi. Babu roƙo, babu ciniki. Haka ya kamata sauran su kasance. Gamayyoyi su fitar da jadawali tun farkon kaka: naushi kaza, sa ƙafa da gangan karo na biyu kaza, ɗaukar wani abu a matsayin makami kaza, kuma na koci ya ninka na ɗan wasa. Yanzu da ɗalibi yake iya sauya jami'a kusan duk shekara, hukuncin ya bi shi duk inda ya koma, in ba haka ba kocin da ya tsawatar shi ne zai rasa ɗan wasa, wanda ya kawar da kai ya samu.

Sai dai a yi hattara kada a haɗa kirari da duka a kwando ɗaya. Wanda ya san filin dambe ko na kokawa ya san kirari ba ya ɓata wasa, armashi yake ƙara masa. A wasan ƙarshe na mata na 2023, da LSU ta ci Iowa 102 da 85, Angel Reese ta LSU ta kaɗa tafin hannu a gaban fuskarta tana kallon Caitlin Clark, ta kuma nuna yatsan da za ta sa zoben zakara. Aka yi mata ca, wasu har da zagi. Kwanaki kaɗan kafin nan Clark ta yi irin wannan kaɗa hannun a wasansu da Louisville, aka yaba mata da jarumta. Ɗaya baƙar fata ce, ɗaya fara, kuma ba sai an yi dogon nazari ba kafin a ga abin da ya bambanta martanin. Clark da kanta ta fito ta ce bai kamata a soki Reese ba. Iyakar da nake ganin ta dace a bayyane take. Murna, ihu, bugun ƙirji, magana da 'yan kallonka, duk a bar su. Bin mutum kana yi masa a fuska, tsayawa a kan wanda ya faɗi, zuwa gaban bencin abokan hamayya, wannan teknikal ne ko waye ya yi. Da wannan ma'aunin, bin Clark da Reese ta yi na 'yan daƙiƙu ya cancanci busa, jifa biyu, shi ke nan. Bai cancanci makonnin cin mutunci ba.

Wannan zance ya shafe mu ta wata fuska. Tun zamanin da Hakeem Olajuwon ya tafi jami'ar Houston a farkon shekarun 1980, yaran Najeriya suke bin wannan hanya, kuma filin jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda koci Oliver Johnson ya shafe shekaru yana horarwa, ya yaye da yawa. Masai Ujiri, wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyar Toronto Raptors ta gasar ƙwararru ta NBA, shi ma a Zariya ya tashi kafin ya tafi karatu da wasa a Amurka. Yaron da ya taso a nan da dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ya taso, inda bambancin maki yake raba gardama a rukuni, kamar yadda bambancin ƙwallaye yake yi a ƙwallon ƙafa. An koya masa ya yi wasa har busa, kuma a inda ya koya hakan daidai ne. Ranar da ya jefa ƙwallo a daƙiƙa ta ƙarshe ƙungiyarsa tana gaba da 20, bai san ya zagi kowa ba, sai dai ya ga an yo kansa. A rigingimun da na ambata akwai 'yan wasan da suka zo daga waje: De Sousa daga Angola, Diabate daga Faransa, Cardoso daga Brazil, da Cheikh Mbodj ɗan Senegal da aka dakatar wasa shida a faɗan Cincinnati. Ba su ne suka fi kowa laifi ba, amma abin da suke iya rasawa ya fi na kowa. Ɗan ƙasa in an kore shi gida zai koma ya nemi wata makaranta. Baƙo kuwa bizar karatu ce ke riƙe da shi, bizar tana rataye da zamansa ɗalibi, zaman ɗalibin yana rataye da tallafin karatun da ƙwallo ta ba shi, kuma naushin da ya kai ga 'yan sanda yana iya tsinka duka ukun. Masu horar da yara a Zariya, Kaduna da Kano da ke shirya su don wannan tafiya su sa wannan cikin darasi tare da jifa da tsaro: in agogon jifa ya mutu kuna gaba, riƙe ƙwallo, in an fara hayaniya kana benci, kada ƙafarka ta taka layi, in ka shiga musabaha, miƙa hannu ka wuce, ko me aka faɗa maka.